Yadda mai sana'a a waya za ta yi lissafin haraji ba tare da ta cuci kanta ba

A ƙarshen Disambar 2025 wata murya ta zagaye kusan duk guruf ɗin mata masu sana'a da nake ciki a WhatsApp. Mai maganar tana rantsuwa cewa daga 1 ga Janairu duk alat ɗin da ya shigo wayarki sai gwamnati ta yanki rabonta. Washegari ƙanwata, wadda ke sayar da takalma da jakunkuna, ta hau acaba daga Tumfure har gidana a Pantami, nan Gombe. Ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Yaya, ni kam zan kwashe kuɗina in koma karɓar tsaba." Na ce ta zauna ta sha ruwa tukuna, na miƙa hannu bayan madubi na ɗauko mata littafina.

Shekara 7 ke nan ina sayar da turaren wuta, humra da mayafai daga ɗakina. Ba ni da shago. Ina saro mayafai a Kantin Kwari, in ɗauki hoto in sa a sitatus, mai so ta tura kuɗi, ni kuma in kai kaya tasha a ba direba. Abin da na faɗa wa ƙanwata ran nan shi zan faɗa miki, kuma maza masu sayar da waya da shadda ma ya shafe su: haraji a kan riba yake, kuɗin da ya shigo asusu kuwa ba duka ne riba ba. Amma ba wanda zai bambance miki su sai ke, kuma baki kaɗai ba ya isa shaida.

Fara da sanin abin da kike biya tun tuni, don da yawanmu muna jin tsoron harajin da zai zo alhali mun daɗe muna biyan wani ba mu lura ba. Harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan kuɗin kaya da hidimar da mutum ya saya, ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100 tun Fabrairun 2020, kuma yana cikin kuɗin data da katin waya da kike saye. Daga Janairun 2022 kamfanin Meta ya fara ɗora shi a kan tallan Facebook da Instagram na masu talla daga Najeriya. Wato in kika ware naira 20,000 don a tura hoton kayanki gaba, abin da zai fita a zahiri 21,500 ne. In tallan nan ya kawo miki masu saye 10, kowace ta zo miki a kan naira 2,150 kafin ki ci ko sisi. Mai sayar da kwalbar humra da ribar 1,500 ta ga inda matsalar take.

Sai naira 50 ɗin nan da ake cirewa a duk kuɗin da ya kai 10,000 ko ya haura. Da a bankuna kawai ake cire ta, daga Disambar 2024 ta shiga asusun irin su OPay, Moniepoint da PalmPay. A da mai karɓa ake cire wa, daga Janairun 2026 ta koma kan mai turawa. Kar ki ɓata lokacinki kina cewa kwastoma ta raba kuɗi gida biyu don a kauce mata, za ki rikita lissafinki ne a kan abin da bai kai kuɗin leda ba. Abin da ya fi shi ne ke ki haɗe naki biyan: maimakon ki tura wa mai sari sau biyar a mako, tara ki tura sau ɗaya.

Mataki na gaba shi ne wanda na fi matsa wa mutane a kai. Buɗe asusu na sana'a zalla. Na yi shekara uku kuɗin cefane da maigida ke turowa, zubin adashenmu na mutum 12 da ni ke riƙewa, gudummawar bikin 'yar yayata da kuɗin kwastomomi duk suna faɗawa wuri ɗaya. Ranar da na zauna zan fitar da ribar shekara, na kwana biyu ina bin alat ɗaya bayan ɗaya ban iya tantance na wane ne na wane ba. Da a ce jami'in haraji ne ya buƙaci bayani a lokacin, da me zan nuna masa cewa dubu 600 ɗin nan na adashe ne ba ciniki ba? Kyauta da ajiya da gudummawa ba kuɗin shiga na sana'a ba ne, amma in suka cakuɗe da ciniki ke ce za ki sha wahalar rarrabewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yanzu lambar asusu ɗaya kawai nake sawa a sitatus, 'yan'uwa kuma suna da tasu daban. Ko ni zan ɗauki kuɗin sabulu daga na sana'a, sai na tura wa kaina na rubuta.

Sai littafi. Nawa littafin makaranta ne mai bango mai kauri, na ja masa layi da rula. Shafin hagu na abin da ya shigo: kwanan wata, sunan kaya, yawa, kuɗi. Shafin dama na abin da ya fita, kuma nan ne mata ke barin kuɗinsu a ƙasa, domin sari kawai suke tunawa. Ki rubuta kuɗin motar da ta kawo kaya daga Kano, ɗan dakon da ya sauke, mai Keke Napep da ya kai ki tasha, kwalabe da kwali da salatif, data, talla, gawayin da kika yi haɗin turare da shi, har da mayafin da ya zo da tabo kika karyar. Kowane rasit ki ɗauki hotonsa nan take, don tawadar takardar injin POS tana gogewa cikin 'yan watanni, na ga wadda ta koma fara fat a cikin jaka. In mai sari ba ya ba da rasit, shaidar turawar da ke wayarki ta wadatar, ki dai rubuta abin da aka saya a wajen bayani kafin ki danna. Ni daren Juma'a nake zama, bayan yara sun kwanta, in gwada littafi da abin da asusu ya nuna. Minti 30 ne in ba a bari ya taru ba.

Ga abin da ya sa wannan wahalar ta cancanta. Dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, suka fara aiki a Janairun 2026, sun yafe naira 800,000 na farko a abin da mutum ya samu a shekara. Daga nan zuwa miliyan 3 kashi 15 ne, daga miliyan 3 zuwa miliyan 12 kashi 18. Mu ɗauka a shekara kin yi cinikin miliyan 6. Sari ya ci miliyan 4 da rabi, sauran hidima ta ci dubu 400. Ribarki miliyan 1 da dubu 100. Cire dubu 800, saura dubu 300, kashi 15 ɗinsa naira 45,000 a shekara. To amma da za a ɗauki miliyan 6 ɗin nan dukansa a matsayin samunki, lissafin zai kai naira 870,000, kusan duk guminki na shekara. Tsakanin 45,000 da 870,000 babu abin da ya tsaya sai wannan littafin na bayan madubi. Da na zana wa ƙanwata haka a bayan kwali, shiru ta yi ta ce, "Ashe ni ma ban san ribata ba."

In gidan haya kike zaune, ajiye rasit ɗin haya ma, don dokar ta ba da sassauci na kashi 20 na kuɗin hayar shekara, iyakarsa naira 500,000.

Ki kuma san wa ke karɓar me. Harajin samun mutum ɗaya mai sana'ar kansa na jiha ne, mu nan Hukumar Tara Haraji ta Jihar Gombe, kuma ana miƙa bayanin shekarar da ta wuce kafin ƙarshen Maris. VAT na tarayya ne, a hannun hukumar da a da ake kira FIRS, yanzu NRS. Lambar NIN ɗinki ita ce tushen lambar harajinki. Game da VAT, tun Dokar Kuɗi ta 2019 aka ɗauke wa wanda cinikinsa na shekara bai kai miliyan 25 ba nauyin karɓarsa, sabuwar doka kuma ta ƙara ɗaga iyakar. Saboda haka ƙaramar 'yar kasuwa kamar ni ba ta da hurumin ƙara wa kwastoma kashi 7.5 da sunan VAT. Na ga masu yin haka a shafukansu, kuɗin kuma aljihunsu yake tafiya. Wannan cin haƙƙi ne, ko wane suna aka sa masa.

Duk wanda ya kira ki ko ya turo saƙo cewa shi jami'in haraji ne, ki tura kuɗi wani asusu mai sunan mutum ko a rufe miki asusu, kashe wayarki. An taɓa kirana haka, har da ambaton sunan shafina don in yarda. Je ofis da ƙafarki, ki tafi da littafinki, ki nemi a rubuta miki abin da ake binki da yadda aka lissafa shi, ki biya ta banki, ki karɓi rasit mai sunanki.

Ra'ayina a kan lamarin kuwa, ba na cikin masu cewa wai don a waya muke ciniki kada a taɓa mu. Mai shago a babbar kasuwa yana biyan haya, yana biyan ƙaramar hukuma, ga ni ina sayar da irin kayansa daga ɗaki. In na ci riba mai kauri ban ga dalilin da zai sa shi ya biya ni in zame ba. Zakka daban ce, haƙƙin Allah ce, ba ta sauke wannan, wannan ma bai sauke ta. Abin da ba na yarda da shi shi ne cirar kuɗi a kan motsin kuɗi, ko an ci riba ko an faɗi. Shi ya sa na ji daɗi da aka janye harajin tsaron intanet na kashi 0.5 da Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su fara cira a Mayun 2024, bayan jama'a sun yi ca. Da ya tabbata, duk dubu 100 da na tura Kwari sai an ɗauke 500, kafin in san ko kayan za su shiga.

Na kuma bi rigimar rabon VAT da kunnen basira, lokacin da gwamnonin Arewa ƙarƙashin shugabancin gwamnanmu Inuwa Yahaya suka zauna a Kaduna a Oktoban 2024 suka ƙi amincewa da tsarin da aka fara kawowa. A tsohon tsari, kason da ake rabawa bisa inda kuɗin ya fito yakan bi inda hedikwatar kamfani take, galibi Legas. To ni a Pantami nake sayen data, a nan nake ƙona ta, me zai sa a rubuta wa wata jiha ita? A ƙarshe VAT ya tsaya a 7.5, ba a ƙara ba, kuma kashi 30 na rabon jihohi zai bi inda aka yi amfani da kaya. Wannan ya yi mini daidai, sai dai ido na kan abin da za a yi da kuɗin. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har da kashi 50, muka biya. Wuta kuwa, sau nawa nake aika yaro da wayata wurin mai caji ana tsakiyar ciniki? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Akwai wani abu da ba haraji ba ne amma a littafi ɗaya suke. Daina sa hoton alat ɗin kwastoma a sitatus da cikakken sunanta da lambar asusunta don a ga kina ciniki. Mutum 400 ke kallon sitatus ɗinki, ba duka kika sani ba, kuma da irin wannan bayanin 'yan damfara ke kiran mutum su kira sunansa. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan, amma ko babu doka, matar da ta tura miki kuɗi amana ta ba ki. In dole sai kin nuna, goge suna da lamba. Kuma kada ki saki kaya don an turo miki hoton rasit, buɗe asusunki ki ga kuɗin da idonki.

Ƙanwata ba ta kwashe kuɗinta ba. Ta buɗe asusu na biyu, ta sayi littafi irin nawa. Makon jiya bayan isha'i ta kira ni tana tambaya ko man janaretan gidansu zai shiga shafin dama, tunda da shi take cajin waya da kunna fitilar ɗaukar hoto. Na ce ta ƙiyasta rabon da sana'a ta ci ta rubuta shi kaɗai, sauran na gida ne, kada ta ɗora wa takalma kuɗin fankar falo. Ta ce kashi ɗaya cikin huɗu zai yi? Na ce ta rubuta haka, ta sa dalilinta a gefe da jan biro.