Darasi na Shida: Noman harawa saboda dabba da kuma gona

Idan rani ya yi nisa ciyawar daji takan bushe ta zama kara zalla, saniya ta wuni tana ci, ciki ya cika amma kullum ƙara ramewa take, nono kuma ya ja baya. Dalili shi ne furotin ɗin busasshiyar ciyawa yakan faɗi ƙasa da kashi 7 cikin 100, wanda bai isa ya riƙe jikin dabba ba. Harawa mai ganye kuwa takan kai kashi 12 ko fiye. Toh me zai sa mu tsaya jiran ragowar wake da gyaɗa kawai? Ai ana shuka harawa da gangan.

Dangin wake da ake shukawa don dabbobi akwai lablab, akwai sitailo, ga kuma wake mai yaɗo. Ku tumɓuke guda ɗaya a hankali ku duba saiwar, za ku ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle manne da ita. Ku fasa ɗaya da farce, in cikinsa ja-ja ne toh yana aiki, ƙwayoyin da ke ciki suna jawo naitirojin, wato sinadarin da shuka ke samu a taki, daga iska suna ba shukar. Shi ya sa dawa ko masarar da ta biyo bayan lablab take fin kyau ko da an rage buhun taki. Amma fa kar a ruɗe, dangin wake na son fosfaras, in ƙasar ta gaji sai an ɗan watsa takin supa, wato takin zamani mai ɗauke da sinadarin fosfaras.

Wajen shuka kar ku yi gaggawa. Ku bari masara ta yi kamar sati huɗu sannan ku sa lablab tsakanin kunya, in kun sa su rana ɗaya zai hau ta ya danne. Irin sitailo kuma ɓawonsa tauri ne da shi, sai an jiƙa a ruwan zafi na 'yan mintoci kafin ya tsiro sosai.

Yanka shi ne inda mutane da yawa ke asara. A yanka lokacin da fure ya fara fitowa, a shanya ana juyawa, a ɗaure tun ganyen bai kakkaɓe ba, don amfanin yana ganye ne. A ajiye a sama inda gara da ruwa ba za su taɓa ba. Wanda ya killace fili ya shuka sitailo, ya share gefensa saboda gobara, ya riƙa sakin masu ciki da masu shayarwa awa biyu zuwa uku a rana, ba duk garken ba. Kuma kar a saki dabba mai yunwa cikin ɗanyen ganye da raɓa, kumburin ciki na iya kama ta. Kashinsu kuma a kwashe a mayar gona.

Aikin gida: kowa ya zo da saiwar wake ko gyaɗa guda ɗaya darasi mai zuwa, mu ƙirga ƙulle-ƙullen tare.