Yadda Ake Kammala Gidan Kwantena Ba Tare da Da-na-sani Ba

Gidan kwantena ba ya cin lokaci wajen tsayawa. A wajen walda ake yanka ƙofofi da tagogi, mota ta kawo shi, a sauke a yini guda. Inda ake cin kwakwa shi ne aikin da ke biyo baya.

Kafin motar ta taso, a tabbatar takardar izinin gini ta fito. A Kano, hukumar tsara birane ta jihar, wato KNUPDA, ce ke bayarwa. A kuma auna hanya. Kwantena mai ƙafa 20 tsawonta mita 6.06 ne, faɗinta mita 2.44, nauyinta babu kaya ya ɗan haura tan biyu. Mai ƙafa 40 kuwa ta kai mita 12.19, ba kowane lungu take shiga ba. Idan da hali a sayi mai tsayin mita 2.9, domin silin da daɓe za su ci wani abu daga tsayin ɗakin.

Nauyin kwantena a kusurwoyinta huɗu yake. Saboda haka kowace kusurwa ta zauna a kan ginshiƙin kankare mai rodi, wanda ya ɗaga kamar santimita 30 zuwa 45 daga ƙasa, don ruwa ya wuce, iska kuma ta ratsa ƙarƙashi. A bar kankaren ya yi aƙalla mako guda ana ba shi ruwa. A daidaita kan ginshiƙan da siririn tiyo mai ruwa a ciki, kar a dogara da ido. Kusurwa ɗaya ta sauka da santimita biyu, jikin ya murɗe, ƙofa ta ƙi rufuwa, sai a yi ta zagin kafinta alhali laifin na ƙasa ne.

Duk inda aka yanka bango, ƙarfi ya ragu. Dole a zagaye wurin da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, a yi walda ta zagaye gaba ɗaya, ba ɗigo-ɗigo ba. Bayan nan a goge da giranda, a shafa jan fentin hana tsatsa a ranar. Waldar da ta kwana biyu a buɗe da damina ta fara tsatsa ke nan.

Sai babbar magana, zafi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ke haura digiri 40, kwantenar da ba a yi wa komai ba tanda ce. Abu na farko, a ɗora rufin kwano daban a sama, da tazarar kamar santimita 30, ya kuma zarce bango don ya yi inuwa. Wannan rufin yana rage zafi sosai, ga shi yana hana ruwa kwanciya a saman kwantenar. A ciki kuma a sa abin tare zafi mai kaurin milimita 50 ko fiye, ya manne da ƙarfen sosai. Idan aka bar rata, ƙarfen zai riƙa gumi da dare, ruwan ya taru a bayan allon bango, sai wari da baƙin tabo su bayyana bayan an tare. Fentin waje ya zama fari.

Katakon daɓen kwantena yawanci an jiƙa shi da maganin ƙwari, don haka a shafe shi da fenti mai toshewa kafin a shimfiɗa leda ko tayil.

Wayarin ba wurin arha ba ne, tunda gidan gaba ɗaya ƙarfe ne. Kowace waya ta bi cikin bututun roba, duk ramin da ta ratsa a sa masa zoben roba. A haɗa jikin kwantenar da sandar tagulla da aka kafa a ƙasa, a sa makashin wuta mai yankewa da kansa na miliamfa 30, a danna maɓallin gwajinsa a gaban mai gida.

Kar a rufe bango sai an cika bututan ruwa sun kwana ba ɗigo. Sannan mutum ɗaya ya tsaya a waje da tiyo yana feshin kowace taga na minti biyar, wani yana ciki da tocila. A rubuta duk abin da aka gani a takarda, ɗan kwangila ya sa hannu. Tun a yarjejeniya a rubuta cewa za a riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na kuɗin aikin, sai an ga ruwan sama mai ƙarfi ya sauka a kan gidan sau biyu ko uku.