Yadda za ka hana a shigo maka gida ko shago da bindiga a ɓoye

Masu gidajen haya a Samaru da Kwangila, masu shaguna a Sabon Gari da Tudun Wada, da masu ɗakin taron biki, maganar nan taku ce. Wajenka wajenka ne, kana da ikon cewa ba a shigo maka da makami ba, ko da mutum ya rantse yana da lasisi.

Ka fara sanin doka don kar wani ya yi maka burga. Dokar makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga, fistol da rabalba, cikin haramtattun makamai, shugaban ƙasa ne ke da ikon ba da lasisinta. Bindigar farauta irin mai baki biyu Sufeto Janar na ƴan sanda ke ba da nata, ta gargajiya kuma kwamishinan ƴan sanda na jiha. To ka ga farar hula da ya soke fistol a ƙugu ƙarƙashin babbar riga, da wuya a ce yana kan daidai. A Amurka abin daban ne, a jihar Texas mai shago sai ya kafa allo na musamman da Turanci da Sifaniyanci kafin allon ya hau kan mai lasisi, mu nan doka tun farko tana bayanka.

Duk da haka ka rubuta sanarwa a ƙofa, Hausa da Turanci, manyan baƙaƙe. In wajen taro ne ka sa mai gadi da na'urar nan ta hannu mai ƙara in ta ji ƙarfe, ka samo mace ta duba mata, kuma dan Allah a duba kowa, don da zarar an ɗaga wa wani alhaji ƙafa shikenan sauran ma ba za su tsaya ba, mai gadin kuma ya zama abin raini.

Abin da ya fi damuna shi ne ajiya. Wani zai ce to riƙe min in fito, wallahi kar ka karɓa, kar yaron shagonka ya karɓa. In aka same ta a durowarka kai za a fara tambaya, kuma dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi tara ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, kan riƙe bindiga ba izini. Ka ce masa ranka ya daɗe a yi haƙuri, a kai ta gida a dawo.

In ya ƙi fita kar ka yi jayayya, kar ka kai hannu, kar ka tara masa jama'a. Ka janye yara da kwastomomi a hankali ka kira DPO na yankinku ko lambar gaggawa 112. Jami'in tsaro da ke bakin aiki shi nasa daban, ka nemi katin shaida cikin ladabi kawai.

Ɗan haya kuwa, ka sa sharaɗin a takardar yarjejeniya tun ranar biyan kuɗi, gaban shaidu. Amma hayar da ya biya ta ba shi sirrin ɗakinsa, ba ka da hurumin fasa ƙofa kana bincike. In ka ga abin da bai kwanta maka ba ka sanar da mai unguwa da ƴan sanda a asirce, su zo da takardar izinin bincike.