Yadda nake ba tattabaruna maganin tsutsar ciki a ruwa

Da na ga tattabara tana ci amma ƙirjinta na ta ƙafewa, kashinta kuma ya yi ruwa-ruwa, tsutsa nake fara zargi. Piperazine nake saya a shagon magungunan dabbobi. Yana fitar da tsutsa zagayayyiya mai kama da taliya, amma ba ya taɓa ɗaya irin tsutsar, mai faɗin nan.

Tun da daddare nake kwashe kaskon ruwa, har da na wanka, don su wayi gari da ƙishi. Da safe sai in auna maganin daidai da abin da aka rubuta a jikin leda, kada ka yi kirdado, in dama a ruwa mai tsabta. Ba na sakinsu ranar, don kada su je su sha a kwata. Lokacin zafin bazara ina lura sosai, domin shan ruwansu yana ƙaruwa, maganin zai iya yi musu yawa.

Da yamma in zubar da ragowar ruwan maganin, in share kashin akurki tas. Bayan kwana 14 in maimaita, saboda maganin ba ya kashe ƙwan tsutsar.

Aku kuwa ba ya shan ruwa sosai, shi likitan dabbobi za ka kai wa.