Yadda Ake Zaɓen Jitar Bas Ba Tare da Suna Ya Ruɗe Ka Ba

Yawancin 'yan koyon bas, wato jitar mai kaurin murya, da na ga sun ciji yatsa, sunan da ke rubuce a kan jitar suka saya, ba su tsaya sun gwada ta a jikinsu ba.

Fara da sanin muryar da kake nema. Precision ta kamfanin Fender, wadda ta fito a 1951, muryarta kauri gare ta, ita shahararren makaɗin bas James Jamerson ya riƙa kaɗawa a Motown, kamfanin waƙoƙi na Amurka. Jazz Bass ta 1960 ta fi ta kaifi. StingRay ta kamfanin Music Man, ta 1976, da batir take aiki, sautinta yana da cizo. In aljihu bai kai ba, Squier ƙanwar Fender ce mai araha, Sterling kuma ta Music Man. Ba abin kunya ba ne.

Mataki na biyu, nan ne ake faɗuwa: wuya da nauyi. Kada ka gwada ta a zaune kawai. Sa madauri, ka rataya, ka miƙe, sannan ka saki hannuwanka duka biyu. In kanta ya sunkuya ƙasa, ajiye musu abarsu. Tawa ta farko haka take, na shekara ina tallafe wuyanta da hannun hagu maimakon in danna tsirkiya, kafaɗa na ciwo, ina zaton yatsuna ne ba su iya ba. Sai ka damƙi wuyan daga can sama. Na Jazz Bass siriri ne, kusan milimita 38, na Precision ya fi faɗi. Mai ƙananan hannuwa ya gwada Ibanez SR, ko gajeruwar bas mai tsawon tsirkiya inci 30 maimakon 34 da aka saba. Ka tsaya da ita minti goma aƙalla, domin kilo huɗu ba komai ba ne a minti na farko.

Daga nan danna tsirkiya a kowace gaɓa ta wuyan, daga sama har ƙasa, kana sauraron zizar ƙarfe. Murɗa maɓallan, ka ji ko suna ƙarƙar. Ni dai tsirkiya huɗu nake cewa a fara da ita, ta biyar ta jira.

Ka ware kuɗin amfilifaya ta bas, wato na'urar ƙara sauti, kada ka jona a ta jita zalla, lasifikar za ta iya lalacewa. In mai batir ka ɗauka, zare wayar duk lokacin da ka gama, in ba haka ba batirin ya ƙare tana jingine.