Kurakuran da ake yi in an je gidan tarihin yaƙi na Umuahia

Jama'a in Allah ya kai ku Umuahia, babban birnin jihar Abiya, dan Allah ku leƙa gidan tarihin yaƙi na ƙasa da aka kafa a 1985, amma akwai abubuwan da ya kamata ku kiyaye.

Wasu daga shiga sai ɗaukar hoto, a tsaya jikin jirgin ruwan yaƙi NNS Bonny, a tsaya jikin motar sulke, minti 20 an fito. Toh me aka gani, ƙarfe kawai. Ku nemi ma'aikacin da ke zagayawa da baƙi, shi zai nuna muku Ogbunigwe, nakiyar da injiniyoyin Biyafara suka haɗa da kansu lokacin yaƙin basasan Najeriya saboda an toshe musu hanyar shigo da makamai, ya kuma sauka da ku ramin ƙarƙashin ƙasa inda gidan rediyon Biyafara ya riƙa watsa shirye-shirye. Kuma kar ku tsallake ɓangaren makaman gargajiya, kwari da baka da masu da takubba.

Da yawa kuma sun zaci ramin Ojukwu, wato maɓoyar ƙarƙashin ƙasa ta jagoran Biyafara, a harabar yake. A'a, yana wani gefen gari daban, ku ware masa lokaci ku hau keke napep. Ku je da safe, manyan kayan a fili suke, rana ta yi zafi ko ruwa ya sauko kun sha wahala. Ku riƙe kuɗi a hannu, kar kuma a bar yara suna hawa kan kayan.

Amma wanda ya fi damuna shine baki. Mutum ya tsaya yana dariya yana cewa ai mu muka ci yaƙin, haba dan Allah! Daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970 aka yi ana kashe juna, yunwa ta kashe ƙananan yara ba adadi, garin nan shi ne hedikwatar Biyafara bayan faɗuwar Inugu har zuwa Afrilun 1969, wanda ke tsaye kusa da kai wataƙila kakarsa ta binne 'ya'yanta a lokacin, mu ma a Arewa akwai gidajen da mazansu suka tafi fagen daga basu dawo ba. Ku sassauta murya, ku yi tambaya cikin ladabi, in kun zo gaban hotunan yaran nan ku mayar da waya aljihu ku yi musu addu'a.