Yadda Za Ka Shuka Irin Kayan Miya Ya Tsiro

Mutane sun yi ta tambayata, wai sun watsa irin alayyahu ko karas a bayan gida amma shiru kake ji, ko ɗaya bai leƙo ba. To ga yadda ake yi:

1. Kafce wajen da fartanya, ka farfasa ƙasar ta yi laushi.
2. Gauraya ta da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin kaji ƙona iri yake, kar ka soma.
3. Ba wajen ruwa ya sha sosai, ya kwana.
4. In kuɓewa ce, jiƙa irin a ruwa ya kwana, ɓawonta da tauri.
5. Alayyahu da karas kuwa cuɗa su da yashi kafin ka yafa, don kar su taru waje guda.
6. Rufe irin. Nan fa ake kwafsawa! Kuɓewa zurfin gaɓar yatsa ya isa, wajen santimita 2, alayyahu kuwa ƙasa 'yar kaɗan za ka barbaɗa masa, in ka binne shi da zurfi wallahi ya tafi kenan.
7. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai saboda rana.
8. Yayyafa ruwa safe da yamma da gwangwani mai huji-huji, banda kwarawa da bokiti, kwashe irin yake.
9. Da ka ga tsiro, janye ciyawar.
10. Lulluɓe da tsohon gidan sauro, in ba haka ba kaji da ƙadangaru su riga ka.

Alayyahu cikin sati yake fitowa, karas kan kai sati biyu, kuma shi lokacin sanyi yake so, kar ka tone wai za ka duba.